Lissafin Mai Tsaron Taga

Shekara goma sha ɗaya ina bayan wannan taga,
a zauren wasa da ke lungun Fagge.
Faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba,
amma ta nan nake kallon Kano tana sauya riga.

A da, tun la'asar layi ya kai bakin kwalta.
Mai rake ya san mu, mai gurasa ya san mu.
Ina yagar tikiti har yatsana ya yi kanta,
Lawandi a ƙofa yana ihu: a yi haƙuri, ta cika!
Wanda ya makara ya ɗare katanga,
ya hango ƙeyar ɗan wasa, ya ce ya more.

Yau Asabar.
Kujera ɗari uku da ashirin,
na sayar da saba'in da huɗu.
Ban ƙirga surukan mai ganga ba,
su da gaisuwa suka biya.

Teburin gaba, na dubu hamsin, tun Laraba aka kama.
Wani mai shaguna a Kantin Kwari ya turo kuɗin ta waya,
bai zo ba, direba ya aiko
da saƙon a kira sunansa sau uku a lasifika.
Bencin baya kuwa, na ɗari biyar,
inda dariya ke fitowa da haƙarƙarinta,
can gizo-gizo ya kafa masaƙa.

Na tare Sha'aibu tela, wanda da ba ya fashi.
Ya ce: Gambo, ɗauko biro.
Adaidaita daga Kurna, zuwa da komawa,
ni da uwar yara, ga ruwan leda, ga gyaɗar yaro,
tikitinka shi ne mai sauƙi a cikin tafiyar.
Kwanon shinkafa ba ya jin barkwanci.
Na mayar da biro aljihu.

Samari sai an ɗaga labule suke isowa.
Ba sa tambayar labarin me za a yi,
sai dai: wa ke ciki? Mabiyansa nawa?
Su zauna, su ɗaga waya sama da kai,
kafin asuba wasanmu ya kai Hotoro, ya kai Ɗorayi,
mutum dubu tara sun gani a kwance,
mu ko sisin kwabo.

Abin da ban zata ba, ranar Lahadi ya zo.
Malama Tabawa da 'yan adashinta,
malaman firamare, da masu aikin jinya biyu,
ta ajiye kuɗin mutum ashirin a ɗaure da roba,
ta ce: ku fara ƙarfe huɗu, ku tashi kafin magariba,
ku gyara banɗakin mata,
za ku gan mu duk ƙarshen wata.
Na kai maganar ofis, manaja ya ce zai duba.
Yana dubawa tun kafin azumi.

Ɗazu ana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Na ce shi ke nan, a fito da kuɗin mutane.
Sai wayoyin nan da nake tsine wa suka kunna fitila,
ɗan wasa ya ci gaba a cikin farin haskensu,
dariyar mutum saba'in da huɗu
ta biyo ta tagata, ta same ni ina ƙirga canji.

Na ware na man dizal, na ware na haya,
saura ba ya isar 'yan wasa su sha shayi da burodi.

An watse. Wani dattijo ya dawo bakin taga.
Jikansa ne ya biya masa ta waya,
amma shi takarda yake so, mai lamba, mai hatimi.
Ya ce yana da gwangwani a gida,
tun na sule biyar yake tarawa.
Na yaga masa lamba saba'in da biyar.
Ya ninke, ya sa a cikin hula,
ya tambaye ni ko sati mai zuwa akwai.

Na ce akwai, Baba,
tun kafin in tambayi manaja.